Yadda ake kunna waifai na laftof da kashe shi, tun daga maɓalli har cikin BIOS

Jama'a salamu alaikum. Yau maganar waifai na laftof za mu yi, yadda ake kunna shi da yadda ake kashe shi, kuma abin da yasa na ga ya dace a zauna a yi bayanin a tsanake shi ne yawan mutanen da ke ɗaukar sistam ɗinsu lafiyayye su kai wajen mai gyara wai waifai ya mutu, a ce musu sai an yi fomatin, su biya kuɗi kuma su rasa fayilolinsu, alhali ɗan makunni ne a gefen laftof ɗin ya gogu da jaka ya kashe kansa. Abin yana min ciwo wallahi, musamman in ɗalibi ne mai rubuta furojet ko mai sana'ar da abincinsa ke cikin kwamfutar nan.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, waifai ba makunni ɗaya gare shi ba, makunnai ne hawa-hawa. Kamar wutar gida ce, akwai makunnin bango, akwai canjoba, akwai fiyus can wajen mita, in an zare fiyus ka kwana kana danna makunnin bango ƙwai ba zai kama ba. To haka nan, akwai makunnin jikin laftof, akwai na kibod, akwai na cikin Windows, akwai na adafta wato katin waifai ɗin kansa, sai direba wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin, sai can ƙasa BIOS wato saitin laftof ɗin kansa da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ko wanne daga ciki aka kashe, sauran duk sun zama banza. Shi yasa ake farawa daga waje a shiga ciki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba a fara da fomatin ba.

Fara duba alamar da ke kusa da agogo

Kafin ka taɓa komai kalli ƙasan sikirin ta hannun dama, kusa da agogo da batir. In ka ga alamar nan ta layuka masu lanƙwasa kamar mafici, waifai a kunne yake kuma ya haɗu. In ka ga ɗan hoton duniya da wata alamar hani a jikinsa, babu intanet ke nan, ko dai waifai a kashe yake ko bai haɗu da kowa ba ko ya haɗu amma datar can ta ƙare. In kuwa jirgin sama ka gani to Airplane mode ne a kunne, magana ta ƙare, shi za ka kashe. A Windows 7 alamar sanduna ce kamar ta netwok ɗin waya, in da jan X a kanta to a kashe yake ko babu netwok a kusa.

Akwai bambanci tsakanin waifai ya ƙi kunnuwa da intanet ya ƙi yi, mutane na yawan haɗa su. In laftof yana nuna maka sunayen netwok na maƙwabta da hotspot ɗin wayarka, to katin waifai ɗinka lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wajen data ko fasuwod ko rauta, kada ka wahalar da kanka da sauran matakan nan.

Makunnin jiki

Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, tokumbo, irin waɗanda kamfanoni suka gama amfani da su a Turai da Amurka aka kawo, kuma irin waɗannan tsofaffin na ofis su ne suka fi zuwa da makunnin waifai na zahiri. Ɗauki laftof ɗin ka juya shi, duba gefen dama, gefen hagu, da bakin gaba ƙarƙashin inda kake ɗora hannu. Kana neman ɗan ƙaramin abu da ake turawa gaba ko baya, kusa da shi da zanen eriya mai fitar da layuka. Dell Latitude irin su E6420 da E6430 suna da shi a gefe, ThinkPad T410 da T420 da T430 da X220 su ma haka. Tura shi ɗaya ɓangaren ka jira daƙiƙa biyar zuwa goma, ka ga ko ƙaramar fitilar waifai ta kama.

HP kuma nasu salon daban, EliteBook 8460p da 8470p da 840 na farko-farko suna da maɓalli na musamman a saman kibod ta hannun dama kusa da na kashe sauti. Fitilar jikinsa ita za ta faɗa maka gaskiya, in fara ce ko shuɗiya a kunne yake, in ta koma ruwan goro a kashe yake. Danna sau ɗaya kawai ka jira. Kar ka yi ta dannawa da sauri don ka ga bai canza nan take ba, kana kunnawa kana kashewa ne ba ka sani ba.

Wannan makunnin in yana kashe, Windows ba ta da ikon kunna waifai ko kaɗan, za ka ga maɓallin Wi-Fi ɗin cikin Settings ya yi toka-toka ba ya dannuwa, ko ka kunna ya koma da kansa. Duk lokacin da ka ga haka ka fara zargin makunnin jiki.

Maɓallin Fn

Sababbin laftof sun daina zuwa da makunnin gefe, an mayar da aikin kan kibod. Duba layin sama, F1 zuwa F12, ka nemi wanda aka zana wa eriya ko jirgin sama. Ka danne Fn da ke ƙasa ta hagu kusa da Ctrl, ka riƙe, sannan ka taɓa wancan maɓallin sau ɗaya ka saki duka.

Wanne ne maɓallin, ya danganta da kamfani har ma da samfuri. HP da yawa F12 ne. Asus galibi F2. Acer galibi F3, wasu F2. Dell tsofaffin Inspiron F2, na baya-baya kuma da yawa maɓallin PrtScr ne. ThinkPad na da F5 ne, daga T440 zuwa sama aka koma F8, IdeaPad da yawa F7. Toshiba tsofaffi F8. Amma don Allah kada ka haddace wannan ka je ka danna ido rufe, zanen da ke jikin maɓallin laftof ɗinka shi ne hujja, don kamfani ɗaya na iya canza wuri daga wannan samfuri zuwa wancan.

In ka haɗa da Fn bai yi ba gwada maɓallin shi kaɗai ba Fn, domin wasu an saita su ne a juye. A Dell da ThinkPad in ka danna Fn da Esc tare yana juya wannan tsarin, ana ce masa Fn Lock, kuma sau da yawa yara ne ke danna shi a wajen wasa.

Sai wani abu da ba kowa ya sani ba, maɓallan nan suna da nasu ɗan direban. In an sake saka Windows ba a saka shi ba, maɓallin sai ya zama kurma, ka danna shiru. A HP sunansa HP Wireless Button Driver, a tsofaffin Asus yana cikin ATK Package. To in bayan fomatin ne maɓallin ya daina aiki, ba kibod ne ya lalace ba, a shafin kamfanin za ka sauko da direban.

Cikin Windows 10 da 11

Nan ne mafi yawan mutane za su riƙa kunnawa da kashewa kullum, kuma shi ne hanyar da nake ba da shawara. A Windows 10 danna alamar netwok ɗin kusa da agogo, a ƙasan jerin sunayen za ka ga akwatuna uku, Wi-Fi da Airplane mode da Mobile hotspot. In akwatin Wi-Fi ya yi launi a kunne yake, in toka ne a kashe. Danna shi ya canza. A Windows 11 an haɗe netwok da sauti da batir wuri ɗaya, ka danna wajen ko ka danna maɓallin kibod mai tambarin Windows da A tare, akwatin Wi-Fi ɗin rabi biyu ne, ɓangaren hagu shi ke kunnawa da kashewa, ɗan kibiyar da ke dama ita ke buɗe jerin netwok. Mutane da yawa suna son ganin jeri sai su danna hagu su kashe waifai ɗin gaba ɗaya, sai a lura.

In kana son doguwar hanya, Windows da I tare zai buɗe Settings, ka shiga Network & Internet, ka zaɓi Wi-Fi, makunnin na nan a sama. Kuma in ka kashe, Windows za ta nuna maka wani zaɓi mai suna Turn Wi-Fi back on, wato yaushe za ta mayar da shi, akwai Manually wato sai ka kunna da hannunka, akwai bayan awa 1, bayan awa 4, ko bayan kwana 1. Wannan yana da amfani sosai ga mai son ya zauna ya yi karatu ko rubutu ba tare da saƙonni na ta shigowa ba, ka sa awa ɗaya ka manta da shi. Amma in so kake ya zauna a kashe to ka tabbata Manually ka zaɓa, in ba haka ba zai dawo da kansa ka ce aljanu ne.

Airplane mode shi kuma waifai da bulutut yake kashewa lokaci guda, har da layin sim in laftof ɗin mai sim ne. In maus ɗinka ko abin kunnenka na bulutut ne ka san da wannan kafin ka danna. Kuma ana iya barin Airplane mode a kunne a kunna waifai shi kaɗai, Windows za ta tuna da hakan a karo na gaba.

Masu Windows 7, ku danna Windows da X tare, Windows Mobility Center zai buɗe, akwai akwatin Wireless Network da maɓallin Turn wireless on ko off. Sai dai in faɗa muku tsakani da Allah, Microsoft ta daina ba Windows 7 sabuntawar tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 ma an rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka wanda ke kan 7 har yanzu ya rage shiga intanet da ita, musamman harkar banki.

Maganar data, tunda ita ce ke sa yawancinmu kashe waifai

Mu a nan akasari hotspot ɗin waya ko MiFi muke haɗawa, kuma Windows ba ta san cewa datar nan da gumi aka saye ta ba, tana ganin waifai sai ta ɗauka irin na gidajen da ba a ƙirga musu ne, ta hau sauko da sabuntawa, OneDrive wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet ya hau loda hotuna, kafin ka ankara gig biyu sun tafi. Kashe waifai in ba ka amfani da shi yana taimakawa, amma maganin gaskiya shi ne ka gaya wa Windows cewa layin nan na ƙirge ne. Haɗa da hotspot ɗin, ka danna Properties na wannan netwok ɗin, ka gangara ka kunna Metered connection, a Windows 10 an rubuta Set as metered connection. Daga nan za ta rage sauke-sauken da take yi a ɓoye. Sai ka yi wa kowane netwok nasa daban, na wayarka daban na MiFi daban. A wannan shafin dai akwai Connect automatically, in ka cire shi laftof ba zai ƙara maƙalewa hotspot ɗinka da kansa ba duk lokacin da ka kunna wa wani.

Haka ma netwok ɗin otal ko filin jirgi ko duk wani na kyauta mara fasuwod, in ka gama da shi ka danna masa dama ka zaɓi Forget. Ba na son laftof ya riƙa haɗa kansa da duk wani buɗaɗɗen netwok mai irin sunan da ya taɓa sani, don kowa na iya buɗe hotspot ya sa masa wannan sunan.

In akwatin Wi-Fi ya ɓace gaba ɗaya

To nan ne hankalin mutane ke tashi. Ka danna alamar netwok ka ga Airplane mode kaɗai, babu Wi-Fi ko sama ko ƙasa, a Settings ma babu shi. Sau da yawa adaftar ce aka yi wa Disable. Danna Windows da R tare, ƙaramin akwati zai fito, rubuta

ncpa.cpl

ka danna Enter. Za ka ga katunan netwok ɗin laftof ɗin, Ethernet na kebul, Wi-Fi, wani lokaci da Bluetooth. A Windows 7 sunansa Wireless Network Connection. In Wi-Fi ɗin ya yi toka an rubuta Disabled a ƙasansa, danna masa dama ka zaɓi Enable, shikenan, cikin daƙiƙa kaɗan akwatin zai dawo. Kashewa ma haka ne, dama sannan Disable. Zai iya neman izinin admin, in laftof ɗin ofis ne mai yiwuwa ba za a barka ba, sai ka nemi masu kula da kwamfutocin wajen.

Kashewa ta nan ya fi na akwatin Wi-Fi ƙarfi, don ko an kashe laftof an kunna yana nan a kashe, kuma wanda bai san hanyar ba ba zai iya mayarwa ba. Iyayen da ke ba yara laftof don karatu ko kallon abin da aka riga aka sauke, wannan ta fi muku. Ni dai shawarata in ba da irin wannan dalilin ba a bar Disable, a yi amfani da makunnin Windows na sama, saboda mutum na yin Disable ya manta, bayan wata biyu ya zo yana cewa waifai ya lalace.

Wannan kashe-ka-kunna na ncpa.cpl kuma magani ne mai kyau in waifai ya rikice, ya haɗu amma ba ya tafiya, ko ya daina ganin netwok bayan laftof ya tashi daga barci. Disable, ƙirga goma, Enable.

Gargaɗi ɗaya, in kana sarrafa wata kwamfuta daga nesa ta AnyDesk ko TeamViewer kada ka kuskura ka kashe mata waifai, ka yanke igiyar da kake riƙe da ita ke nan, sai an samu wanda ke gabanta ya mayar.

Device Manager da direba

In a ncpa.cpl ma babu Wi-Fi, sai mu ƙara nutsawa. Danna dama a kan maɓallin Start ka zaɓi Device Manager, ko Windows da R ka rubuta devmgmt.msc. Buɗe Network adapters. Nemi wanda sunansa ke da Wireless ko Wi-Fi ko WLAN ko 802.11, misali Intel Centrino Advanced-N 6205 a tsofaffi, ko Intel Dual Band Wireless-AC 8260, ko wani na Realtek, Qualcomm Atheros, Broadcom ko MediaTek. Waɗanda aka rubuta WAN Miniport ka bar su, ba ruwanka da su.

Abu uku za ka iya tararwa. In da ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa a jikin hotonsa, an kashe shi ne, dama sannan Enable device. In da alamar motsin rai cikin ɗan kusurwa uku mai ruwan ɗorawa, direban ne ke da matsala, danna dama ka zaɓi Uninstall device, amma ka kula da kyau, akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko a goge direban ma, KADA ka sa masa alama, in ka goge kuma ba ka da intanet ka shiga uku. Bayan ka cire sai ka yi Restart, Windows za ta gano katin ta mayar da direban da kanta. Na ukun shi ne ba ka ga mai Wireless ba sam, amma can ƙarƙashin Other devices akwai wani abu mai suna Network Controller da alamar ruwan ɗorawa. Wannan shi ne katin waifai ɗinka zaune ba direba, kuma hakan ya fi faruwa bayan an saka sabuwar Windows.

Tambayar da kowa ke yi a nan, ta ina zan sauko da direba tunda ba intanet? Da wayarka. Haɗa ta da laftof da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, a Android ka shiga saitin Hotspot & tethering ka kunna USB tethering, laftof zai samu intanet ta kebul ba ruwansa da waifai. Daga nan ka bar Windows Update ta nemo, ko ka je shafin kamfanin laftof ɗin da kansa ka sa lambar da ke ƙasansa, Dell suna ce mata Service Tag, HP da Lenovo serial number. In ba ka san na wane kamfani ne katin ba, danna Network Controller ɗin sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids, ka duba abin da ke bayan VEN. 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 Broadcom. Ka guji manhajojin nan masu cewa za su gyara maka duk direbobi a danna ɗaya, da yawansu tarkace suke cusa wa kwamfuta.

Tunda kana cikin Device Manager, in waifai ɗinka mai yawan ɗaukewa ne da kansa musamman in an cire caja, danna katin sau biyu, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Ba kowane laftof ke nuna shafin ba, wasu sababbi babu.

Sai ka leƙa services.msc ta Windows da R, ka gangara zuwa WLAN AutoConfig. Dole ya zama Running, kuma Startup type ɗinsa Automatic. In wannan ya tsaya, ko kati lafiya direba lafiya ba za ka ga netwok ko ɗaya ba.

Ga masu son rubuta umarni

Buɗe Start ka rubuta cmd, danna dama, Run as administrator. Fara da ganin sunan katin:

netsh interface show interface

In sunan Wi-Fi ne, kashewa:

netsh interface set interface name="Wi-Fi" admin=disabled

Kunnawa:

netsh interface set interface name="Wi-Fi" admin=enabled

Wani lokaci sunan kan zama Wi-Fi 2, to yadda ya fito haka za ka rubuta. Wannan daidai yake da Disable da Enable na ncpa.cpl, ba wani sihiri ba ne. Daɗinsa kawai shi ne za ka iya zuba kowane layi a Notepad ka ajiye a kan sikirin da suna kamar kashe.bat da kunna.bat, duk lokacin da kake so ka danna dama ka yi Run as administrator.

BIOS

In har yanzu babu alamar katin ko a Device Manager, saura BIOS. Kashe laftof, kunna, kana kunnawa ka riƙa taɓa maɓallin shiga, HP F10 ne ko Esc sannan F10, Dell da Acer da Asus F2, ThinkPad F1. A Dell nemi sashen Wireless, ka tabbata WLAN na da alama a Wireless Device Enable. A ThinkPad yana Security, I/O Port Access, Wireless LAN, ya zama Enabled. A HP na ofis yana cikin Built-in Device Options. Wasu kamfanonin da suka yi amfani da laftof ɗin kafin ya iso gare mu suna kashe waifai ta nan saboda tsaro, sai a sayar da shi a haka.

A HP ɗin nan akwai wani saiti mai rikita mutane, LAN/WLAN Auto Switching, in yana kunne da zarar ka soka kebul ɗin intanet sai waifai ya ɗauke, ka zare ya dawo. Dell ma suna da irinsa a Wireless Radio Control. Ba lalacewa ba ce, in ba ka so ka cire alamar. Ka canza abin da ya kawo ka kaɗai, ka yi Save and Exit, sauran saitin BIOS ka bar su yadda ka gan su.

Af, kafin ma BIOS, ka yi Restart na gaske. A Windows 10 da 11 Shut down ba ya kashe komai duka saboda Fast Startup, yana ajiye wani abu ya ɗora daga nan, amma Restart yana kashe komai duka ya tashi sabo. In bai yi ba, kashe laftof, zare caja, in batirin mai fita ne cire shi, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka mayar ka kunna. Sau da yawa katin da ya ɓace yakan dawo da wannan. Akwai kuma Network reset a cikin Network & Internet, yana sake saka duk katunan netwok, sai dai ka tanadi fasuwod ɗin netwok ɗinka don za ka sake shigar da su.

MacBook da Linux

Mac ba shi da makunnin jiki. Alamar waifai na sama ta dama, ko cikin Control Center, danna ka tura makunnin. In babu alamar shiga System Settings sannan Wi-Fi, a tsofaffin macOS kafin Ventura ta 2022 sunansa System Preferences sannan Network.

Masu Ubuntu da danginsa na Linux, menu na sama ta dama yana da makunnin, a Terminal kuma, wato wajen rubuta umarni, nmcli radio wifi off yana kashewa, nmcli radio wifi on yana kunnawa. Abin da nake so da Linux a nan shi ne yana faɗa maka ƙarara wane makunni ne ya hana, rubuta rfkill list, in ka ga Soft blocked: yes to manhaja ce ta kashe, sudo rfkill unblock wifi zai buɗe. In kuwa Hard blocked: yes ne babu umarnin da zai yi maka, koma kan makunnin jiki ko Fn ko BIOS.

In ya kunnu amma ba ya ganin hotspot ɗinka kaɗai

Yana ganin na kowa ban da naka? Galibi wayarka na watsawa a 5 GHz ne katin laftof ɗin kuma tsoho ne mai jin 2.4 GHz kaɗai. Shiga saitin hotspot na wayar ka mayar da band ɗin 2.4 GHz, a iPhone 12 zuwa sama ka kunna Maximize Compatibility.

In kuma sai ka manna laftof da rauta ko waya kafin ya ga netwok, musamman in kwanan nan aka canza masa sikirin ko aka buɗe shi, ka zargi eriya. Wasu siraran wayoyi ne guda biyu, galibi baƙa da fara, da suka taso daga bayan sikirin suka bi ta hinji suka maƙale a jikin katin, ɗaya na iya ɓallewa ko ta tsinke. Wannan kam aikin mai gyara ne, kuma ka gaya masa ƙarara eriya da katin waifai kake so ya duba, ba fomatin ba. Katin ana cire shi a sa wani a yawancin laftof, amma tsofaffin ThinkPad da wasu HP ba sa karɓar kowane kati, ThinkPad zai tsaya ya nuna kuskure mai lamba 1802 in aka sa masa wanda bai sani ba, don haka a gwada a gabanka kafin ka biya. In ba ka son a buɗe maka laftof ma, ɗan adaftan waifai na USB irin na TP-Link ya isa, ka soka a gefe, galibi zai fito a ncpa.cpl da sunan Wi-Fi 2, sai ka yi wa tsohon katin Disable don kar su riƙa rikita ka.